Ganyen Albasa da Jinin Mai Asma

Duk wanda ya taɓa noman albasa a fadamun ƙasar Tambuwal, ko ya leƙa gonakin maƙwabtanmu na Aliero, ya san safiyar da gaban manomi ke faɗuwa. Dashe ya kama, fangali ya yi kore shar, sai ka wayi gari bakin ganye ya fara yin ɗorawa yana lanƙwashewa. Sabon shiga ba ya tsayawa dogon tunani: albasa ta ji yunwa, a kawo yuriya. Tsohon hannu kuwa durƙusawa yake yi. Zai raba wuyan ganyen da ɗan yatsa ya duba ko ƙananan ƙwarin nan masu ɓuya a ciki ne ke tsotse ta. Zai tuge guda ya kalli saiwar, fara ce ko ta soma ruɓa don ruwa ya kwanta mata. Zai damƙi ƙasa ya murza. Daga kan kunya ciwon ɗaya ne, amma abu uku ko huɗu ke iya kawo shi, kuma abin da ke tada wannan shi ke kashe wancan. In yunwa ce, taki. In ƙwari ne, feshi. In ruwa ne ya yi yawa, a kashe inji a bar ƙasa ta tsane. Wanda ya zuba yuriya a kan albasar da ba yunwa ke damunta ba zai ga ganye ya miƙe ya yi murnar kwana biyu, amma lissafinsa na jiransa a rudu, domin albasar da ta ci taki fiye da kima wuyanta kan yi kauri, ba ta bushewa da kyau, ita ce ke fara ruɓewa tun farashi bai tashi ba.

Yuriyar masu asma ita ce ƙwayar prednisolone da 'yar uwarta dexamethasone, waɗanda ake kira sitiroyid. Da zarar hunturu ya shigo da ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa a kowace unguwa, ga hayaƙin itace da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka toshe saboda sanyi, sai ƙirji ya fara kuka a tsakar dare. A Dogon Daji ko Sanyinna ko ƙauyukan Kebbe hanyar ɗaya ce: a ruga kemis, a yi allura, a ƙullo ƙwayoyi. Mutum ya samu sarari, kowa ya yi hamdala. Bayan wata guda a sake komawa. Ina so a fahimce ni da kyau, waɗannan ƙwayoyin na ceton rai idan ciwo ya tashi da ƙarfi, kuma a irin wannan daren ba a tsayawa jiran wani awo. Damuwata ita ce mutumin da ya mai da su abin sha na kullum shekara da shekaru, har fuska ta kumbura ta yi zagaye, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi, yana ta rufe ido. Lissafin ba wuya gare shi. Zagaye ɗaya na miligiram 40 kullum har kwana 5 ya kama miligiram 200, zagaye biyar ya cika giram guda. Wani babban bincike da aka yi kan bayanan marasa lafiya a Birtaniya, wanda ya fito a 2018, ya nuna illolin na fara bayyana tun jimillar abin da mutum ya sha a rayuwarsa na tsakanin rabin giram da giram guda. Akwai waɗanda ke cinye wannan a hunturu ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma a duniya sun kai miliyan 262 a 2019, kuma cutar ta kashe mutum 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. A nan gida, binciken da Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta 'yan Najeriya kimanin miliyan 13 ke fama da ita. Amma wadda likitoci ke kira asma mai tsanani 'yar kaɗan ce a cikin wannan taro. Ita ce wadda ta ƙi lafawa duk da mutum na shaƙar babban ma'auni na maganin kariya kullum, yana shaƙarsa daidai, an kuma kawar da abubuwan da ke tsokano ta. Da aka tace a ƙasar Holan, kusan kashi 17 cikin 100 na manya masu asma ne ciwonsu ya gagari magani a ido, amma da aka ware masu tsallake magani da masu shaƙarsa ba daidai ba, ba a samu kashi 4 cikakku ba.

Tambayar da ta daɗe tana damun likitocin ƙirji ita ce wadda tsohon manomi ke yi a durƙushe: me ke ƙarƙashin wannan kukan? A 1956 majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta gwada cortisone a kan masu daɗaɗɗiyar asma, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Wani likita a garin Derby na Ingila, Harry Morrow Brown, bai gamsu ba, don ya ga wasu majinyatansa sun warware sarai da irin maganin, wasu kuma ko gezau. Sai ya kakkaɓe tsohon madubin awonsa na zamanin ɗalibta, ya shiga duba kakin da suke tofarwa. Abin da ya gani ya buga shi a mujallar Lancet a 1958. Waɗanda kakinsu ke cike da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, su ne prednisolone ke yi wa aiki. Waɗanda babu su a kakinsu, sai dai su kwashi illar maganin. Ƙwayoyin jinin nan, Bajamushe Paul Ehrlich ne ya raɗa musu suna wajen 1879, kuma asalin aikinsu a jiki yaƙi da tsutsotsi ne. A jikin yawancin masu asma sukan yi dafifi a bututun numfashi, su kumbura shi, su cika shi da majina mai danƙo. Brown ne kuma, a 1972, ya nuna cewa maganin shaƙa na beclomethasone na aiki, bayan ya zaɓi majinyatan gwajin da wannan ma'auni nasa.

An yi shekaru ana sakaci da darasin. Sai a 2002 Ruth Green da Ian Pavord da abokansu a asibitin Glenfield da ke Leicester suka raba majinyata 74 gida biyu na tsawon shekara guda. Kashi ɗaya ana ƙara musu magani ko a rage bisa koke-kokensu da awon numfashi, kamar yadda aka saba. Ɗaya kashin kuwa bisa yawan iyosinofil a kakinsu. Na farko ciwo ya tashi musu da tsanani sau 109, na biyu sau 35. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a matsakaicin lissafi maganin da ɓangarorin biyu suka sha bai bambanta ba. Buhun takin ɗaya ne, an dai san fangalin da za a zuba wa da wanda za a tsallake.

Labarin allurar mepolizumab ya fi wannan ban mamaki. An haɗa ta ne don ta tare saƙon da jiki ke aika wa ɓargo ya ƙera iyosinofil. Da aka gwada ta a 2000 da 2007 a kan masu asma barkatai, ba a ga wani amfani na a zo a gani ba, har ana shirin jingine ta. A 2009 masu bincike a Leicester da kuma Hamilton ta Kanada suka sake gwada ta, amma a kan waɗanda aka tabbatar iyosinofil ne ke hura musu ciwo kaɗai, sai ga amfani ya fito fili. Babban gwajin da ya biyo baya a 2012, mai mutum sama da 600, ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, kuma ya nuna awon jini na yau da kullum ya isa ya nuna wanda zai amfana, ba sai an wahala da kaki ba. Amurka ta amince da allurar a 2015. Kafin ita akwai omalizumab tun 2003, bayanta kuma benralizumab a 2017, dupilumab a 2018, tezepelumab a 2021. Kowace da irin ƙirjin da take yi wa aiki, kuma awo ne ke haɗa ta da mai ita.

Manyan manunan da ake dubawa yau uku ne. Na farko adadin iyosinofil a jini: ƙasa da 150 a kowane maikirolita ana ɗaukarsa kaɗan, 300 zuwa sama kuwa alama ce ta cewa irin kumburin da ke jin maganin sitiroyid yana nan, kuma haɗarin tashin ciwo na ƙaruwa yadda adadin ke ƙaruwa. Na biyu awon FeNO, wanda ke auna wata iska da bututun da ya kumbura ke fitarwa. A Suwidin aka fara gano hauhawarta a numfashin masu asma a 1993. Mutum zai hura cikin wata 'yar na'ura ta hannu na daƙiƙa 10. Ga babba, ƙasa da 25 kaɗan ne, sama da 50 ya yi yawa, kuma yawanta na nuna maganin kariya na shaƙa zai yi aiki. Na uku sinadarin IgE a jini, tare da gwajin fata, don gano ko jiki na faɗa da ƙurar gida ko kyankyaso ko gashin dabba.

Na'urar FeNO da alluran nan sun yi mana nisa, ba zan ɓoye ba. Lokacin da mepolizumab ta fito a Amurka kuɗinta na shekara ya haura dala 30,000. Amma manuni na farko yana kusa da hannunmu fiye da yadda muke zato. Gilashin da ake shafa jini a kai don neman zazzaɓin cizon sauro, da madubin da ake leƙa shi, su ne dai kayan aikin. Ma'aikacin ɗakin awo ya shafa jini siriri, ya rina, ya ƙirga fararen ƙwayoyi 100 ko 200, ya ware masu ɗigo-ɗigon ja. Sauran ninkawa ce. In jimillar fararen ƙwayoyi 6,000 ce, iyosinofil kashi 8 cikin 100, to adadin 480 ne. Ainihin adadin ake so, domin kaso kaɗai na ruɗarwa, musamman da yake yawancin baƙar fata jimillar fararen ƙwayoyinsu ta ɗan gaza ta Turawa, sai kason ya yi kamar ya hau alhali adadin daidai yake. A kuma kula da takardar da inji ya buga. Ƙananan injunan da suka fi yawa a ɗakunan awo gida uku kawai suke raba fararen ƙwayoyi, sukan cusa iyosinofil da wasu nau'o'i biyu a layi ɗaya mai suna MID ko MXD. In haka takardar ta nuna, ba a amsa tambayar ba tukuna, sai a nemi ƙirgen hannu.

Sai dai a nan ne nake jin tsoron kwafo ma'aunin Leicester a dire shi a Dogon Daji ba gyara. Mun ce aikin iyosinofil na asali yaƙi da tsutsa ne. To mu kalli wanda ke zaune a bencin asibiti: manomin rani da ke wuni tsaye cikin ruwa ba takalmi, ko yaron da ya tashi yana iyo a tafki yana fitsarin jini ana cewa girma ne. Tsargiya na ɗaga iyosinofil. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa na ɗaga su. Doguwar tsutsar hanji ma, lokacin da 'ya'yanta ke ratsa huhu, takan sa tari da kukan ƙirji sak irin na asma. IgE kuwa a jikin mai tsutsa hawa yake yi ba lissafi. Gwaje-gwajen da aka tsayar da 150 da 300 a kansu yawanci a Turai da Amurka aka yi su, kuma an cire waɗanda aka san suna da tsutsa. Saboda haka 600 a jinin mutumin fadama tambaya ce har yanzu, ko daga ƙirji take ko daga hanji ko daga mafitsara.

Akwai wata tsutsa guda da ta sa wannan magana ta zama ta rai da mutuwa. Sunanta Strongyloides. Ta fatar ƙafa take shiga daga ƙasa mai laima, tana iya hayayyafa a cikin mutum shekaru masu yawa ba tare da ya sani ba. In aka ɗora irin wannan mutumin a kan prednisolone ko dexamethasone, garkuwar da ke riƙe da ita sai ta saki, tsutsar ta bazu zuwa huhu da jini, kuma sau da yawa ba a tashi. Shi ya sa jagorar GINA, wato kwamitin duniya da aka kafa a 1993 don fitar da ƙa'idojin kula da asma, ta ce in adadin ya kai 300 a nemi wasu dalilai, har da wannan tsutsa, kafin a shiga dogon shan sitiroyid. A wurinmu tsarin da hankali zai ɗauka shi ne a duba bayan gida da fitsari, likita ya ba da maganin da ya dace, praziquantel ga tsargiya, albendazole ga tsutsar hanji, ivermectin ga Strongyloides, a jira wasu makonni a sake ƙirge. Abin da ya rage bayan nan shi ne na ƙirji. Tantance adadin da ya dace a kira mai yawa a jinin mutanen ƙasar Sakkwato aiki ne da nake fatan masu bincike na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙe da hannu biyu, don su ke da majinyatan, su ke da madubin.

Adadin na iya ruɗarwa ta ɗaya gefen kuma. Ƙwayar sitiroyid na share iyosinofil daga jini cikin sa'o'i. Wanda ya biya kemis shekaranjiya, ko matar da ke shan sha-ka-fashe don ƙiba ba ta san dexamethasone ke cikin da yawa daga irin ƙwayoyin nan ba, awonsu zai nuna kusan sifili. Zazzaɓi mai zafi ma na saukar da shi. Don haka likita ya tambaya a fili: “Inna, me kika sha a makon nan, ko da ba na ƙirji ba ne?” Ana so a auna bayan mako ɗaya ko biyu da gama zagayen ƙwaya, a kuma maimaita har sau uku kafin a yanke cewa adadin kaɗan ne. Wanda kuma ya daɗe yana shan ƙwayar kullum kada ya yanke ta dare ɗaya don zai je awo. Jikinsa ya daina ƙera nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya kai shi kushewa. Likita ne ke saukar da ita sannu a hankali.

In an maimaita adadin ya tsaya ƙasa, ƙarin prednisolone yuriya ce a kan saiwar da ruwa ya ci. Sai a tuge a duba. Tarin tibi na iya sajewa da asma, sitiroyid kuma rura shi yake yi, alhali awon kaki na GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tabon da tibi ya bari bayan an warke na sa haki. Tsohuwar da ta shekara 40 a gaban murhu, hayaƙi ya riga ya ƙuntata bututunta ta wata hanya daban. Sai kuma mai jego. Ciwon zuciyar da ke biyo haihuwa ya yi yawa a ƙasarmu fiye da kusan ko'ina a duniya. Binciken Isezuo da Abubakar a Sakkwato, wanda ya fito a 2007, ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Macen da ba ta iya kwanciya rigingine sai numfashi ya sarƙe, ƙafafu sun kumbura, zuciyarta za a duba. Ga ƙwannafi, ga tsiron cikin hanci, ga magunguna irin su asfirin da diclofenac da propranolol da ke tada ciwon ga wasu. In bayan duk wannan asma ce dai, akwai tiotropium na shaƙa, akwai azithromycin sau uku a mako da gwajin Ostareliya na 2017 a kan mutum 420 ya nuna yana rage tashin ciwo, amma sai an tabbatar babu tibi, an kuma duba zuciya da ji.

Ban yarda takarda kaɗai na warkarwa ba, kuma gwajin da Liam Heaney na Belfast ya jagoranta a Birtaniya, wanda ya fito a 2021, ya ƙarfafa mini wannan. Majinyata 301 masu asma mai tsanani, ana so a ga ko manunai za su taimaka a rage musu sitiroyid. A jimlace bambancin bai kai yadda aka sa rai ba. Da aka duba dalili, da yawa sun ƙi bin shawarar ragewa. Awo ya ce kumburi ya kwanta, su kuma suna jin haki, sai tsoro ya hana su. Cikin waɗanda suka bi shawarar kuwa, kusan kashi 31 cikin 100 sun rage magani, a ɗaya ɓangaren kashi 5 kacal, ba tare da ciwon ya ƙaru ba. Haki da kumburi ba kullum suke tafiya tare ba, kuma sai wani ya zauna ya fahimtar da mai ciwo wannan da harshen da yake ji.

Namu tsoron ta wani gefen yake. Har yanzu akwai masu ganin duk wanda aka ba abin shaƙa ciwonsa ya kai ƙarshe, ko zai kamu da shi ya kasa bari, sai su gwammace ƙwaya, wadda ke zagaye jiki duka, a kan ɗan abin da ke zuwa huhu kai tsaye. Waɗanda suka karɓa kuma shuɗin Ventolin suka sani, mai buɗe ƙirji nan take ba ya taɓa kumburin, alhali tun 2019 GINA ta daina ba da shawarar dogaro da shi kaɗai ga manya da matasa. A Belfast sun taɓa sa ido kan majinyata masu FeNO mai yawa suna shaƙar maganin kariya a gabansu kullum na 'yan kwanaki, sai adadin da yawansu ya faɗi warwas, wato da ma ba sa shaƙa. A nan gida kuwa, sau da yawa aljihu ne ke hana shaƙar. Bayan kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, farashin Ventolin da Seretide ya ninka sau da dama. Haɗin budesonide da formoterol na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kamata ya samu gurbi a kantin manyan asibitocinmu da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Ga yaro ko tsohon da shaƙar ke yi wa wuya, Heather Zar ta Afirka ta Kudu ta nuna tun 1999 cewa gorar roba mai rabin lita, in aka huda gindinta aka dasa abin shaƙar, tana aiki kamar mazurarin kanti.

Kowane mai asma a ƙasar Tambuwal da Kebbe ya samu ɗan littafin rubutu na makaranta. A rubuta ranar da ciwo ya tashi, ƙwayar da aka sha da yawanta, adadin iyosinofil da ranar awo, da ranar da aka sha maganin tsutsa. Wanda ya yi wata 3 yana shaƙar maganin kariya kullum, ma'aikacin lafiya ya kalli yadda yake shaƙa da idonsa ya gyara masa, an kore tibi da ciwon zuciya, an kashe tsutsa, adadinsa na nan sama da 300, kuma har yanzu yana buƙatar zagayen ƙwaya sau biyu ko fiye a shekara, shi ne za a rubuta wa takardar zuwa wurin likitan ƙirji a Sakkwato, ya tafi da littafinsa a aljihu.